Mama Rifkatu da Kwanon da Ba a Kife Ba

A shekarun da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, Suleja ta cika ta batse, duk mai sammako ya san wata gajeruwar mata mai baƙar lema da takalmin roba. Kafin bas-bas ɗin ma'aikata su gama lodi ta riga ta fito. Ba ofis take fara nufa ba, caji ofis take zuwa. Ta jingine lemarta a jikin kanta, ta gaida kofur, ta ce, "Oga, akwai 'ya'yana a ciki?" Shi kuma ya ce, "Madam, yau pikin ɗinki biyu ne." Sai a fito mata da su kan benci, ta zauna a tsakiyarsu kamar wadda ta zo barka.

Sunanta Rifkatu Tanko, ma'aikaciyar ofishin jin daɗin jama'a. Daga kudancin Kaduna aure ya kawo ta, ta zauna a garin nan har Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Aikinta ba mai sauƙin bayani ba ne. Idan aka kama yaron da shekarunsa ba su kai na manya ba, kafin majistare ya yanke hukunci, ita ce za ta bi diddiginsa, ta zo ta faɗa wa kotu: yaron nan in an sake shi zai sake, ko kuwa akwai abin da zai riƙe shi? Bakinta na iya mayar da yaro ɗakin uwarsa, yana kuma iya sa a kai shi gidan horon yara a wani gari, ya yi shekaru.

A kotun yaran na san ta. Lokacin ina hedimasta, kuma akan zaunar da mutum biyu daga cikin gari a gefen majistare idan shari'ar yara ce, ni ne ɗaya. Ni mutum ne da ya yi imani da bulala, ban kuma ɓoye ba. Don haka ranar da na fara jin tambayar da take fara yi wa kowane yaro, sai da na kusa faɗowa daga kujera. Ba ta tambayar me ya sata, ko su wa suka sa shi. Cewa take, "Wa ya kawo maka abinci?"

Na tare ta a baranda na ce, "Madam, nan kotu ce ko gidan tuwo?"

Ta yi dariya har lemar ta faɗi. Ta ce, "Hedimasta, yaron da aka kai wa abinci a sel, akwai wanda yake jin kunyar haɗa ido da shi. Wanda ba a kai wa ba, ba shi da wanda zai ji wa kunya. Shi nake tsoro."

Abu biyu take nema a kan kowane yaro, haka take faɗarsu da bakinta: me ke jan sa, me kuma ke riƙe da shi. Takan duba da wa yake yawo, sa'o'insa ne ko sun girme shi. Takan duba ina yake wuni tsakanin azahar da magariba, don ta ce ɓarnar yaro a nan take tsirowa. Tana sauraron yadda yake ba da labarin laifinsa, ko "na yi" yake cewa ko "an sa ni". Sannan ta juya ɗaya gefen, ta nemi abin da hannunsa ya iya, da mutum ɗaya tak a duniya wanda in ya ce masa zauna zai zauna. Ba ta taɓa yarda da abin da aka faɗa mata a ofis kaɗai ba. Sai ta taka har gidan su yaro, kuma ba ta zuwa sai lokacin kwashe tuwo, lokacin da gida ba ya iya yin ƙarya.

Kada mai karatu ya ɗauka mai sanyin hali ce. Na ga ranar da iyaye masu hali suka cika kotu da manyan riguna, ta miƙe ta ce ɗansu zai sake, domin duk ɓarnar da ya yi akan bi ta baya a share kafin ya ji zafinta. Suka daina gaishe ta, ba ta fasa gaishe su ba. Kuma ba kullum take dacewa ba. Akwai wani yaro Sila, ɗan wata 'yar cocinsu, wanda ta tsaya wa da ƙarfinta aka sake shi. Ba a rufa wata biyu ba aka sake kama shi, wannan karon da wuƙa, ya ji wa wani mai shayi rauni. Abin ya dake ta ƙwarai. Ta je asibiti ta duba mai shayin, ta dawo ta zauna a bencin kotu ta ce da ni, "Hawayen uwarsa na auna, Hedimasta. Shi ban auna shi ba."

Ba a daɗe da wannan ba aka kawo Lado.

Lado ɗan unguwarmu ne, Magajiya. Mahaifinsa Malam Fakhruddeen tela ne, shi ke ɗinka mini kaya, mutum mai tsare girmansa har abin ya yi yawa. Uwar yaron ta rasu yana ƙarami, yayar Malam, Hajjo, ita ta raine shi da ƙanwarsa Ikilima. Yana da shekara goma sha biyar ya bar makaranta ya koma tasha, wurin wasu gardawa da suka ga yana da ƙananan yatsu da saurin hannu. Karon farko madubin mota ya cire, aka ja masa kunne aka sake shi. Karo na biyu rediyon motar wani ma'aikacin Abuja ne. Da aka kama shi, ta ƙofar shagon ubansa aka bi da shi, da rana tsaka, yara na biye suna ihu. Malam Fakhruddeen ya taso daga kan keken ɗinki ya tsaya a bakin ƙofa, gaban mahauta da masu kayan miya da kowa, ya ce, "Wallahi tallahi, yaron nan ba zai sake cin abincin gidana ba." Ina cikin waɗanda suka ji da kunnensu.

Kuma ya cika. Kwanakin da yaron ya yi a tsare, ba wanda ya leƙa shi da ko ƙosai. Da Rifkatu ta yi masa tambayarta, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mama, ni ba ni da kowa. Ku kai ni duk inda za ku kai ni." Ta fito ta same ni ta ce, "Wannan kam komai na jan sa. Laifi na biyu, ba makaranta, abokai manya, uba ya sallama. Ban ga abin riƙo ba." Majistare ya riga ya nuna inda ya dosa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. In ba a sami wanda zai karɓi yaron ba, gidan horo za a kai shi har sai ya zama saurayi.

Duk da haka ta ɗauki lemarta ta nufi Magajiya bayan la'asar. Abin da ya faru a cikin gidan, Hajjo ce ta ba ni labari, kuma ta sha maimaita shi har ta koma ga Allah. Ta ce baƙuwar ta yi sallama, aka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna tana ta hirar tsadar manja, ba ta ambaci Lado ba. Hajjo ta sauke tukunya ta fara kwashewa. Ta zuba na maigida, ta zuba nata, ta zuba na Ikilima. Sai ta jawo wani koren kwano mai ɓallin fenti a baki, ta cika shi, ta rufe da faifai, ta kai ƙofar ɗakin zaure ta ajiye.

"Inna, wancan na waye?"

"Na Lado."

"Ana kai masa ne?"

"Ina fa. Ubansa ya rantse. Nan yake kwana, da safe in yi ɗumame."

Rifkatu ta faɗa mini daga baya cewa wannan bai motsa ta sosai ba. Tausayin gwaggo ta ɗauka, kuma Sila ya riga ya koya mata cewa tausayin mace ɗaya ba ya riƙe yaron da tasha ke ja. Har ta fara laluben takalminta, sai Hajjo ta ci gaba da magana, kamar mai ƙorafi.

"Ni ba ruwana, 'yar nan. Abin da aka auno mini nake dafawa. Malam ke kwance bakin buhu da safe, shi ke awo da hannunsa, haka yake tun tasowarsa. Tun ranar da aka kama yaron nake zuba ido in ga ya rage, bai rage ba. Shekaranjiya na ce, Malam, tuwo fa na kwana, ko za a rage awon? Sai ya haɗe rai ya ce, Yaya, wa ya sa ki ƙirga mini?"

Rifkatu ta saki takalmin ta koma ta zauna. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san awo ba abin wasa ba ne. Da shi maigida ke faɗin su waye nasa. In an yi haihuwa ko baƙo ya sauka a ƙara, in an yi rasuwa ko an aurar da 'ya a rage. Ga mutum ya kori ɗansa da baki a gaban kasuwa, amma kowace safiya, inda ba mai ganinsa, hannunsa na auna masa rabonsa.

Washegari ta hau mota zuwa Gauraka, don ta ji mai motar ya kai motarsa can a mayar masa da rediyon. Wanda aka kai wa aikin wani Bayarabe ne mai gyaran wayoyin mota, Olu rewaya ake ce masa, yana nan da ransa, a je a tambaye shi. Ya ce mata, "Madam, ni na yi mamaki. Ɓarayi fizgewa suke yi. Wannan bai yanke waya ko ɗaya ba, har naɗe bakin wayoyin ya yi don kar wuta ta kama. Who teach am?" Ta ce ba wanda ya koya masa, ko zai karɓe shi ya koya masa sauran? Olu ya dubi akwatin spanoninsa ya ce, "Ni ba na karɓar yaro daga hannun gwamnati. In babansa ya riƙo hannunsa ya kawo mini, zan karɓa."

Komai sai ya koma wuyan mutum ɗaya, mutumin da ya rantse.

Ta same shi a shago. Shi da kansa ya ba ni wannan labarin, shekaru bayan nan, yana gwada mini riga. Ya ce da ya gan ta bai ɗaga ƙafa daga keken ba, don kar ya ji abin da za ta ce. Ta jira har zaren ya tsinke don kansa.

"Malam, ba roƙo na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Awon gidanka na mutum nawa kake yi?"

Ya ce allurar ya yi ta nema ya zura zare, ramin ya ɓace masa. Da ƙyar ya ce, "Malama, na rantse da Allah. A gaban mutane."

"Wannan ba fannina ba ne, Malam, kai da limaminku kun fi ni sani. Ni dai ranar Talata zan tsaya gaban majistare in faɗi abin da na gani. In ba wanda ya zo, za a tafi da shi."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ta buɗe lemarta ta tafi. Ya ce da ta yi masa wa'azi da ya sami abin musu.

Ranar Talata kotu ta zauna, babu Malam Fakhruddeen. Aka fito da Lado, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Rifkatu ta miƙe ta faɗi komai ba ta rage ba. Ta ce in yaron ya koma tasha zai sake, ba ta ko shakka. Ta ce in an kai shi nesa ya girma cikin waɗanda suka fi shi sanin ɓarna, ranar da zai dawo zai tarar an daina auna masa, kuma a nan ne za a rasa shi gaba ɗaya. Amma in ya koma gidan ubansa yana wuni a wurin Olu, ita a ganinta kotu ba za ta sake ganinsa ba.

Majistare mutum ne mai natsuwa. Ya cire tabarau ya ce, "Madam, a kan Sila ma haka kika ce."

"Haka na ce, ranka ya daɗe, kuma na yi kuskure. A can kuka na saurara. A nan awon uban na gani."

"To ina uban?"

Aka kira sunansa a baranda, shiru. Kowa a ɗakin ya san in wannan ma ta ɓaci, maganar Rifkatu ta gama nauyi a kotun nan, kuma yaran da za su zo bayan Lado su za su biya. Majistare ya dube ta, ya dubi yaron, ya ce a mayar da shari'ar ƙarshe. Muka shiga sauran. Rana ta take, motar da za ta tafi da yaron na tsaye a gindin mangwaro. Lado bai dubi ƙofa ba ko sau ɗaya. Rifkatu ma ba ta duba ba, hannunta dai na kan lemar. Ni ne wuyana ya kusa ƙagewa.

An kusa tashi sai ga Malam Fakhruddeen ya shigo yana haki, hula a karkace, miya ta ɓata masa hannun riga, mutumin da ban taɓa ganin ɗigon abu a tufarsa ba. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Kaffara na tsaya yi. Miskinai tara na samu a bakin masallaci, na goman ne sai da na je har ƙofar kasuwa."

Wanda ya rantse, sannan ya ga warware rantsuwar ta fi alheri, yakan ciyar da miskinai goma. Malam ya san haka tun yana yaro, ba sani ya rasa ba. Abin da ya yi masa nauyi shi ne ya ɗauki tiren abinci a ka, ya ratsa ta gaban mahautan da suka ji rantsuwarsa, kowa ya san dalili. Ya kuma ratsa.

Majistare ya ba shi ɗansa bisa sharaɗin Rifkatu za ta riƙa sa ido. Ba a rungumi juna ba, mu ba ma haka. A baranda Hajjo na tsaye da koren kwanon a ƙunshe cikin tsumma. Malam ya dubi gefe ya ce, "Tashi ka wanke hannu." Lado ya zauna a dakalin kotu ya buɗe faifan, yana ci hawaye na zuba cikin miyar. Ni mai bulala sai da na shiga bayan mangwaro na gyara fuskata.

Mama Rifkatu, ke ce ba ki ɗauki wannan ranar a matsayin ƙarshen aiki ba. Ke ce kika yi ta hawa motar Gauraka kina leƙa shagon Olu, ba don wani ya aike ki ba. Da Olu ya mari yaron ya gudu ya koma tasha, ke ce kika je kika zauna a bencin 'yan kamasho da lemarki, ba ki ce masa uffan ba, har kunya ta sa ya taso ya biyo ki. Kin koya mana cewa yaro ba laifinsa kaɗai ba ne, kin kuma koya mana cewa son yaro ba ya hana a faɗi gaskiya a kansa. Ta Tanko, mai baƙar lema, kin taka garin nan lungu-lungu saboda 'ya'yan da ba ke kika haifa ba.

Ta ajiye aiki a ƙarshen waɗannan shekarun, aka ba ta agogon bango, aka sha lemo, shi ke nan. Ina kewar wancan zamanin, ba zan ɓoye ba, lokacin da garin bai fi ƙarfin ƙafar mace ɗaya ba. Yanzu Keke Napep ya cika titi, unguwanni sun haɗe, yara sun ninka, kuma sau da yawa akan yanke wa yaro hukunci ba wanda ya taɓa ganin ƙofar gidansu. Ku da kuke wannan aikin a yau, da ku malamai da 'yan sanda da masu unguwa, ban ce ku bar abin da aka koya muku ba. Amma kafin ku ce yaro ya lalace, ku taka ku je gidansu lokacin kwashe tuwo, ku ga ko an kife kwanonsa. Ku iyaye kuma, in ɗanku ya shiga hannu, ku yi fushinku, amma ku kai masa abinci.

Tana nan da ranta. Maigidanta Tanko ya rasu, 'ya'yanta aiki ya watsa su garuruwa, idonta ya yi rauni, lemar ta koma sanda. Kwanan baya na je gaishe ta da yamma, muna hira sai na ji babur ya tsaya a waje. Wani magidanci mai furfura a gemu ya yi sallama, hannunsa duk baƙin mai, riƙe da kwano a ƙunshe. Lado ne, mai shagon rewaya a Gauraka, uban 'ya'ya biyar, wanda kotu ba ta sake gani ba. Ya durƙusa ya ajiye a gabanta ya ce, "Mama, ga shi da zafinsa."

Ta juyo wajena tana mita, "Hedimasta, ka yi masa magana. Kullum sai ya kawo, na ce ya daina wahalar da matarsa."

Lado ya ce, "Baba, ba ruwan matata. Ni nake awo."

Mun gode, Mama Rifkatu. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya. Kwanonki ba zai kife ba a garin nan.